Me ya sa miya ke kwana lafiya da hunturu, amma ta lalace da bazara?

[Hoto: tukwanen miya biyu, ɗaya da safiyar hunturu, ɗaya da safiyar bazara]

Assalamu alaikum jama'a. Tun da zafin bana ya kankama a Sakkwato ake ta turo mana tambaya guda. Ɗalibai masu shirin WAEC da NECO sun yi ta da harshen aji, iyayenmu mata sun yi ta da harshen madafa: miyar da ke kwana lafiya lau a Janairu, me ya sa a Afrilu ko asuba ba ta kaiwa sai ta yi tsami? Amsar da ke yawo a WhatsApp ita ce, wai zafi na sa ƙwayoyin abu su ƙara gudu, su yawaita karo da juna, shi ke nan. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai an tsallake gaɓar da ta fi muhimmanci, kuma a kanta za mu zauna yau.

Mu fara da abin da kowa ya yarda da shi. Miyar nan, da iskar da kake shaƙa, da gawayin mai tsire, duk tarin ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kuma ba sa zama wuri ɗaya. Kafin abu biyu su haɗu su zama wani sabon abu, dole ƙwayoyinsu su yi karo. Bajamushe Max Trautz ya rubuta wannan bayani a 1916, William Lewis na Birtaniya ya zo da irinsa a 1918.

[Hoto: ɗigo-ɗigo suna kai-komo, suna bugun juna]

Kalli yawan karon. A cikin iskar ɗakinka, ƙwaya ɗaya tana gudun kusan mita 500 a daƙiƙa, tana kuma cin karo da 'yan uwanta sau biliyoyi a daƙiƙar nan guda. To da kowane karo na haifar da sauyi, ai da tuni komai ya ƙone, da itacen girki ya kama da wuta tun yana kan jaki. Ashe mafi yawan karon na banza ne, a bugi juna a rabu, kowa na yadda yake.

[Hoto: filin dambe, ana kiɗa]

Wanda ya taɓa zuwa kallon dambe ya riga ya gane. Naushi nawa ake kaiwa kafin a yi kisa? Wani ya sauka a kafaɗa, wani ya zo ba nauyi. Wanda ke kai mutum ƙasa sai ya haɗa abu biyu, ƙarfi da kuma sauka a daidai wurin. Haka ƙwayoyin nan suke. Sai sun fuskanci juna ta gefen da ya dace, kuma karon ya zo da ƙarfin da zai tsinka ɗaurin da ke riƙe da su. Mafi ƙarancin ƙarfin da ake bukata shi ne ƙarfin tayarwa, kuma masanin Suwidin Svante Arrhenius ne ya fito da lissafinsa tun 1889.

Yanzu ku gyara zama, ga gaɓar.

Mu ɗauki zafi daga digiri 27 zuwa 37. A jiki babban bambanci ne, ɗaya ka yi barci, ɗaya ka fito da tabarma tsakar gida. Amma su ƙwayoyin, lissafinsu da ma'aunin Kelbin ake yi, wanda ke farawa daga can ƙasa inda sanyi ya ƙure. A wannan ma'auni, daga 300 ne aka koma 310. Nawa gudunsu ya ƙaru? Bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Yawan karon ma ƙarin da ya yi bai wuce haka ba. Amma sauye-sauyen sinadari da yawa, wannan digiri 10 kaɗai kan ninka saurinsu kusan biyu. Ta yaya ƙarin kashi 2 zai haifi ninki biyu? Ba zai haifa ba. Daga wani wuri ninkin ya fito.

[Hoto: garken jajayen awaki a bakin katanga]

Ga garken jar akuyarmu ta Sakkwato, ga katanga, ga dusa a bayanta. Awakin ba ƙarfinsu ɗaya ba. Akwai raunana, mafi yawa tsaka-tsaki ne, sai 'yan ƙalilan masu tsallen tsiya da ke iya haurawa. Ƙwayoyin abu ma haka suke, a kowane lokaci wasu na tafiyar hawainiya, wasu na gudun fanfalaki.

[Hoto: zanen tudu mai dogon wutsiya ta dama, an ja layi tsaye a kan wutsiyar]

Wannan tudun shi ne garken, layin nan shi ne katangar, wato ƙarfin tayarwa. Ka da ka kalli tsakiyar tudun, kalli 'yar wutsiyar da ta haye layin. In aka ƙara zafi, tudun ɗan motsawa kawai yake yi, da ƙyar ma ka lura. Wutsiyar kuwa, duba yadda ta kumbura.

Bari mu sa lamba. In tsayin katangar ya kai kilojul 50 a kowane mol (kilojul ma'aunin ƙarfi ne, mol kuwa ma'aunin yawan ƙwayoyi), a digiri 27 karo kusan 2 ne kacal cikin biliyan ɗaya ke da ƙarfin haurawa. A digiri 37 sun kusa 4 cikin biliyan. Biyu ta zama huɗu. Har yanzu 'yan tsiraru ne, amma tun asali su kaɗai ke yin aikin, don haka da suka ninku aikin ya ninku. Wallahi duk lokacin da na zo wannan lissafi sai na ji daɗinsa, a ce 'yan ƙalilan ɗin nan ne ke riƙe da saurin komai.

Ɗalibi, in an tambaye ka a jarrabawa, ka ambaci yawaitar karo a taƙaice, sannan ka rubuta baro-baro cewa ƙwayoyin da ƙarfinsu ya kai ko ya wuce ƙarfin tayarwa sun ƙaru sosai. Ka kuma sani ninki biyu a digiri 10 kiyasi ne, ya danganta da tsayin katangar.

[Hoto: tukunyar gas, sannan ashana]

Wannan bayanin na iya ceton rai. Gas in ya zuba a ɗaki, yana ta karo da iska amma ba wuta, don katangar ta yi tsawo. Tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Zai ɗaga 'yan kaɗan su haura, zafin da suka saki ya ɗaga na kusa da su, kafin ƙiftawar ido ɗaki ya kama. Don Allah in kun ji warin gas, ku bar ashana, ku bar makunnin lantarki, ku buɗe ƙofa da taga ku fita.

Sauran hanyoyin ƙara saurin sauyi, da sauri za mu bi su, hoto zai yi bayani. Mai tsire na fifita gawayi, maƙeri na zuga: ƙarin iska, ƙarin karo. Ƙirare sun fi gungume saurin kamawa, don fuskar da iska ke taɓawa ta fi yawa. A masana'antar siminti ta Kalambaina ana haɗa dabara biyu, a niƙe dutsen ya zama gari, sannan a gasa shi a zafin da ke kai kusan digiri 1,450. Sai katalis, wato abin da ke gaggauta sauyi ba tare da shi ya ƙare ba, wanda shi ba ya ƙara wa awaki ƙarfi, gurbi yake buɗe musu inda katangar ta fi gajarta. Da ƙarfe ake yin haka wajen haɗa amoniya, uwar takin yuriya da manoman albasa da shinkafa ke zubawa a fadama.

[Hoto: komawa kan tukunyar miya]

Mu dawo kan miyarmu. Ƙwayoyin cuta ne ke lalata ta, amma ci da hayayyafarsu duk sauyin sinadari ne, kuma suna da nasu katalis ɗin da ake kira enzayim. Ɗumin daren bazara ya yi musu daidai, aikinsu na gudu. Firji mai digiri 4 na rage masu haura katanga, shi ya sa komai ke lafawa. Inna kuwa da ba ta jiran a kawo wuta, tafasa miyar take yi kafin a kwanta. A digiri 100 enzayim ɗin kansu ne ke lalacewa, mafi yawan ƙwayoyin cutar su mutu. Sai ta rufe tukunyar ruf, ta kuma hana kowa tsoma cokali har safe.