Ido Kafin Hannu: Lacca Kan Fara Koyon Zane

Assalamu alaikum. Ina yi wa kowa barka da zuwa.

Ɗazu a bakin ƙofa wani ɗan'uwa ya tare ni ya ce, "Malam, ni fa ko miƙaƙƙen layi ban iya ja ba." Na ce masa, kana rubutu? Ya ce ƙwarai. To hannun da ya iya lanƙwasa haruffa ai ya isa zane. Gyaran a ido yake, kuma a kansa zan fi tsayawa yau.

In na ce kowa ya zana fuskar mutum yanzu, yawancinku za ku kai idanun can sama kusa da gashi. Ku dubi na kusa da ku, ku auna daga tsakar ka zuwa haɓa. Idanu a tsakiya suke, kusan rabi daidai. Hankalinmu ya fi karkata ga ido da hanci da baki, shi ya sa muke tauye goshi. Abin da muka haddace muke zanawa, alhali abin yana gabanmu ba mu kalle shi ba.

Ɗauki kofi ka ajiye a kan tebur. Ka san bakinsa da'ira ne, amma daga inda kake zaune da'irar ta kwanta, ta yi siriri. Miƙe hannunka sosai da fensir a ciki, rufe ido ɗaya, saita tsinin fensirin da saman kofin, ka zame babban yatsa har ya zo daidai gindinsa. Tsawonsa ke nan. Karkata fensirin a kwance ka gwada faɗinsa da wannan awon. Kada ka lanƙwasa gwiwar hannu, in ka lanƙwasa awon ya ɓaci.

Akwai wani gwaji da nake matuƙar so. Ka buɗe tafin hannunka, ka bi kowace tsaga da ido a hankali, fensir yana bin idon, ba tare da ka leƙi takarda ba har minti 5. Abin da zai fito a karkace yake, amma a cikinsa za ka ga lanƙwasar yatsa ta gaskiya, irin wadda ba ka taɓa kamawa ba. Haka nan in za ka kwafi hoto, juya shi kai ƙasa. Da zarar ka daina gane mene ne, sai ka koma ganin layuka da kusurwoyi kawai.

Batun kayan aiki, kada ya tsayar da kowa. A 1795 wani Bafaranshe, Nicolas-Jacques Conté, ya fito da dabarar cuɗa garin girafait, wato baƙin da ke cikin fensir, da yumɓu a gasa, kuma har yau a kanta ake yin fensir. In yumɓu ya yi yawa fensir ya yi tauri, shi ne mai alamar H a jikinsa. In girafait ya rinjaya ya yi laushi da baƙi, shi ne B. HB da 2B sun ishe ka, sai 6B in kana son duhu sosai. Ka riƙe shi can baya, motsin ya taso daga kafaɗa, ka fara da layi mara nauyi. Magogi kuwa a ɗan nisanta shi, ka ja layin daidai kusa da na kuskure tukuna.

Inuwa: fitila ɗaya, daga gefe ɗaya. Ƙanƙance idanunka har ƙananan abubuwa su ɓace, sai haske da tsaka-tsaki da duhu su rage. Launi a bar shi sai hannu ya faɗa.

Masu cewa sun makara, ina jin ku, kuma abin yana taɓa ni. Vincent van Gogh na ƙasar Holan yana da shekara 27 ya ɗauki zane sana'a, a 1880. Ya zauna yana kwafar darussan zane na wani mai zane Bafaranshe, Charles Bargue, ya gama ya sake komawa farko. Ya rasu a 1890, ya bar ayyuka sama da 2,000.

Minti 15 kullum ya fi awa uku ranar hutu. Ku sa kwanan wata a kowane shafi, kada ku yaga ko ɗaya, domin bayan wata guda za mu jera na farko da na ƙarshe. To, a raba takardu, kowa ya buɗe tafin hannunsa.