Yadda ake fentin kayan roba masu lanƙwasuwa su dace da launin ƙaramar tirelar zango

Jama'a, barkanmu da wannan lokaci. Ga ƙaramar tirelar kwana irin wadda ake ja da mota a tafi zango. Gangar jikinta alminiyam ce ko faibagilas, amma madigadi da murfin ramin iska na rufi da murfin kusurwa da ƙofar wayar lantarki duk roba ne. Rana ta sa wasu sun yi rawaya, wasu kuma an sayo su sababbi baƙaƙe alhali tirelar fara ce. So ake su koma launi ɗaya.

Kada ku sayi fenti tukuna. Ku fara kwance abin ku juya bayansa. Yawancin masana'antu suna buga harufan da ke nuna irin robar a ciki: ABS, ko PP, ko TPO, ko PVC, ko PE. Waɗannan harufa su ne za su yanke muku irin fentin da za ku saya. ABS tana karɓar fenti ba gardama. PP da TPO fuskarsu santsi gare ta kamar kakin zuma, fenti yana kwanciya a kansu ne kawai ba ya kamawa, sai an yi musu sinadarin kamu na musamman. PE ta fi su taurin kai, kuma gaskiya in abin PE ne, gara a nemo wani mai launin da ake so.

In babu harufa, ku yanko ɗan ƙaramin sili daga gefen da ba a gani ku jefa a kofin ruwa. In ya yi sama, dangin PP ne ko PE, don sun fi ruwa rashin nauyi. In ya nutse, akwai yiwuwar ABS ne ko PVC.

Akwai abubuwa biyu da ba a yi musu fenti ko kaɗan: baƙar robar da ke toshe bakin ƙofa da taga, da silikon da aka liƙe gefuna da shi. Ita kuwa PVC mai taushi, irin siririn da ake zurawa cikin layin alminiyam don rufe kan sukuru, tarko ce. A cikinta akwai wani mai da ke sa ta laushi. In aka fesa mata fentin mai na gama-gari, man nan yana tasowa ya shiga fentin, sai ya ƙi bushewa. Wata uku ana taɓawa yana danƙo, ƙura tana mannewa. Fentin da aka yi domin binil, wato irin wannan PVC mai taushi, shi kaɗai ke zama a kanta. In ma siririn ya tsufa, a zare shi a zura sabo.

Sai wanki, kuma nan ne mafi yawan aiki ke lalacewa. A wanke kafin a taɓa samfefa. Sabuwar roba tana zuwa da maiƙon da aka shafa wa mazubin masana'anta don ta fita cikin sauƙi, tsohuwa kuma tana ɗauke da man ƙyalli da aka riƙa goga mata. Wanda ya fara da samfefa, cusa maiƙon yake yi cikin ƙarce-ƙarcen. Ruwan ɗumi da sabulun wanke kwanuka, a wanke ciki da waje, a ɗauraye. Daga nan ku zuba ruwa mai tsabta ku lura. In ya shimfiɗu bai ɗaya, to an yi. In ya tattaru ya zama ɗigo-ɗigo, akwai sauran maiƙo, a sake. A kankare duk ragowar silikon tas, domin ko ɗan kaɗan ya rage, fenti zai gudu daga wurin ya bar ƙananan ramuka.

Yanzu a kashe sheƙin. Sosan gogewa mai launin toka ya wadatar, ko samfefa mai lamba 600 zuwa 800 da ruwa. Kada ku sauko zuwa mai kaushi irin 180 ko 220 a kan PP, za ta tayar da gashi-gashi a fuskar robar, kuma fenti ba zai ɓoye shi ba. Ku matsa wa gefuna da kewayen ramukan sukuru, don daga nan ɓamɓarewa ke farawa. Bayan haka a goge da sifirit na isofurofil da tsumma mara zubar da zare, hannu yana tafiya gefe ɗaya. Tina da asiton kuwa a nisanta su, suna narka ABS, wani lokacin ma su bar ta da tsagar da ba za a gani ba sai daga baya. Kada kuma a goge da busasshen tsumma a ƙarshe, yana sa robar ta riƙa jawo ƙurar da ke cikin iska.

Sinadarin kamu ruwa ne garai-garai, ana fesa shi siriri, shafi ɗaya ko biyu, ya ɗan jiƙa fuskar kawai. Mutane da yawa suna ganin ba ya nunawa sai su ƙara, su ƙara. In ya yi kauri ya daina aiki, shi da kansa zai ɓare tare da fentin. A ba shi minti 5 zuwa 10 ya sha iska, sannan a bi shi da fenti cikin lokacin da aka rubuta a jikin gwangwanin. In an bar shi ya kwana, aikin ya koma baya.

To, maganar launi. Ko da kun samu lambar fentin tirelar, lambar tana ba ku launin ranar da ta fito daga masana'anta ne, ba na yau ba. Fari ma iri-iri ne, wani ya karkata zuwa rawaya, wani zuwa toka, wani zuwa shuɗi. Abin da ya fi, ku goge wani ɗan wuri da man sheƙi har farar hodar da rana ta tayar ta fita, ainihin launin ya bayyana. Sai ku kwance wani abu mai faɗi daga jikin tirelar, kamar ƙofar ɗakin kaya, ku kai wa masu haɗa fentin mota su auna da na'urar karanta launi. Su zuba muku a gwangwanin feshi in ba ku da bindigar fenti. Ku fara fesawa a kwali mai santsi, ya bushe, ku kara shi a jikin tirelar a waje da rana. Fitilar cikin ɗaki tana yaudara. Ku duba sheƙi ma, domin launi ɗaya in sheƙinsu ya bambanta, ido zai ga kamar biyu ne. Kuma ku yi hattara da mayar da farar roba baƙa, musamman wadda ke kan rufi. Baƙi yana shan zafi, siririyar roba tana iya karkacewa.

Fentin kansa dole ya iya miƙewa. Roba tana buɗewa da zafi ninki uku ko fiye na alminiyam, ga girgizar hanya. In da fenti mai haɗi biyu kuke aiki, wanda ake kira 2K, a zuba sinadarin laushi a cikin firaima, wato shafin ƙasa, da kiliya, wato shafin sama mai garai-garai, bisa ma'aunin kamfanin. Shi 2K yana ɗauke da sinadarin da ke lahanta huhu, takunkumin ƙura ba ya tare shi, sai na'urar numfashi da aka yi dominsa da wuri mai iska.

A fesa daga nisan santimita 20 zuwa 25, a fara motsa hannu kafin a danna, a saki bayan an wuce gefe. Shafi na farko ya zama raɓa-raɓa, ana hango robar ta ƙasa. A jira minti 10, a yi na biyu, a sake jira, a yi na uku. Ya isa haka, don kaurin fenti shi ke kawo tsagewa a wurin lanƙwasa. Yanayin da ya fi dacewa shi ne digiri 15 zuwa 25, a inuwa. A tsakar rana fentin yana bushewa kafin ya sauka sai fuskar ta yi kaushi, in kuma iska ta cika laima sai ya yi hazo.

Duk matakan nan ku riƙa yi wa wani guntu na gwaji tare. Bayan kwana bakwai, ku tsaga fentinsa da reza, layi shida a tsaye shida a kwance, ku danna salatif mai ƙarfi a kai ku fizge. In ƙananan murabba'an sun biyo salatif, kamu bai yi ba, matsalar wanki ce ko sinadarin kamu. Sai ku lanƙwasa guntun daidai yadda zai lanƙwasu a aiki. In ya yi tsaga, fentin ya yi tauri ko kauri.

Wajen mayarwa, a sa sabon tef ɗin butil a ƙarƙashi don tare ruwa. A ɗaure sukuru da hannu, ya zauna kawai, domin in aka matse ƙwarai kansa yana murɗe fentin ya tsage shi, robar kuma ta rasa sararin motsi. Man ƙyalli da injin wanki mai ƙarfin ruwa, a dakata da su sai bayan kwana 30.