Murfin kwata daya ya tsayar da tseren duniya

(Daga rikodin laccar da aka yi wa matasa masu koyon walda da kanikanci a Samaru, Zariya)

Assalamu alaikum warahmatullah. To kannena, na san da yawanku kuna kallon tseren motocin nan na Formula 1 a waya, masu kujera daya tak, tayoyi a waje, kowa hankalinsa na kan injin da gudu. Ni yau maganar titin zan yi, saboda a nan ne sana'arku ta shigo.

Akwai filin da ake ginawa musamman don tsere, akwai kuma inda ake rufe titin cikin gari a yi a kai, kuma uwarsu duka ita ce Monako, wata 'yar karamar kasa a Turai, tun 1929 suke yi. Zagaye daya kilomita 3.3 ne kawai, sai an zaga sau 78, titin da jiya tasi da bas ke bi ne fa, ga gidajen mutane ga otal ga teku, akwai wata kwana da sai mota ta sauko kusan kilomita 50 a awa direba ya murza sitiyari har karshe, can gaba ya shiga karkashin gini cikin duhu ya fito rana ta doke masa ido. Babu ciyawa babu yashi a gefe, karfe ne, ka kuskure da taki daya shi ke nan taya ta tafi. Shi ya sa har yau ake girmama Ayrton Senna na Burazil, sau 6 ya ci a can.

Yanzu ku saurara da kyau. An kera kasan motar nan ne yadda in tana gudu iska za ta rinka tsotso ta tana manna ta da kwalta, shi ne ke hana ta zamewa a kwana. To wannan tsotson bai san mota ba bai san murfin kwata ba, duk abin da bai kafu ba dago shi zai yi. A 2019 a Baku ta kasar Azabaijan murfi ya tashi ya farfasa kasan motar direba George Russell. A 2023 a Las Vegas, duk kudin da Amurkawa suka zuba, minti 8 da fara gwaji murfin ramin bututun ruwa ya balle ya daki Ferrari din Carlos Sainz, aka tsayar da komai, 'yan kallo suka zauna suna jira. Wallahi duk lokacin da na tuna sai jikina ya yi sanyi, domin mutum na zaune ne dab da kasa, tsakaninsa da karfen nan ba wani abu mai kauri. Shi ya sa kafin tsere ake bin murafen nan daya bayan daya a yi musu walda ko a daure su, kuma mai waldar ba wanda zai nuna shi a talabijin.

Mu Zage-zagi abin ba bako ba ne a wurinmu. Ranar Hawan Daushe ai ba haka kawai dawakai ke sukuwa zuwa kofar fada ba, sai an share hanya, dogarai sun matsar da jama'a, kowa ya san inda zai tsaya. Abin da ke min ciwo shi ne wasan motar da yara ke yi ranar biki, ana juyi a tsakiyar titi ga 'yan acaba ga masu talla ga kananan yara, ba shinge ba hular kwano ba motar asibiti, wai su ma tsere suke. A Monako makonni ake dauka ana kafa shinge kafin mota daya ta tashi.

Wani ya turo takarda yana tambaya ko ana yi a Afirka. Formula 1 rabonta da nahiyar nan tun 1993 a Kyalami, Afirka ta Kudu, amma Formula E, wato masu aiki da batir da aka fara a Beijin a 2014, sun zo Marakesh ta Maroko a 2016, sun yi a titin Cape Town a 2023.

Yauwa, ga tsohon murfi can na sa an kawo. Masu injin walda ku matso gaba, ina so in ga yadda kowa zai kafe shi, kuma yadda za a iya bude shi bayan an gama ba tare da an fasa bakin ramin ba.