Ina ake samun dutse a ƙasar rairayi?

Balki: Masu saurare, barkanku da warhaka daga Maraɗi. Yau ina tare da Malam Isufu da Lawali, mai tara duwatsu. Malam, garinmu fa rairayi ne ko'ina. Mai neman dutse ina zai nufa?

Malam Isufu: Kudu zai yi, Balki. Daga nan zuwa Mayahi da Dakwaro rairayi ya binne komai. Amma in ka wuce Madarunfa, wajen Ɗan Isa da Maraka, kusa da iyakar Najeriya, tsohon dutsen ƙarƙashin ƙasa ya leƙo waje, irin wanda ke ƙasar Katsina.

Lawali: Ni kuwa, Malam, gulbi nake bi.

Malam Isufu: Ka yi dabara. Gulbin Maraɗi daga Najeriya yake fitowa, ya biyo ta kan waɗannan duwatsu, ya kwaso ɓaraguzansu. Da kaka, in ruwa ya janye, ka duba inda gulbin ya yi kwana. Ta cikin kwanar ruwa ke rage gudu, nan yake zubar da kayansa.

Balki: Me kake tsinta, Lawali?

Lawali: Yawanci farar ƙanƙara ta dutse, Yaya, mai santsi, ruwa ya goge ta. Ina gwada ta a jikin kwalba, in ta karce ta, ita ce. Akwai kuma baƙin yashi, in ka kai masa maganaɗisu sai ya manne.

Malam Isufu: Ƙarfe ne a cikinsa. Haka marmara, jan nan nata tsatsar ƙarfe ce. Ka je inda ake haƙarta don aikin hanya, ka tsaya ka kalli bangon ramin: ƙasa hawa-hawa, kowane da launinsa. Kuma ka riƙa tambayar maginan rijiya da maƙera, sun san inda kakanni ke ɗibar tama.

Balki: To zinariya fa? Kowa ita yake jira mu ambata.

Malam Isufu: Mafi yawan abin da ke ƙyalli a yashi ba ita ba ce. Ka buga shi da guduma: zinariya bajewa take yi, na bogi ya farfashe. Ramukan haƙa kuwa, kada wanda ya shiga. A Nuwamban 2021 rami ya rufta a Garin Liman, wajen Ɗan Isa, mutum 18 aƙalla suka rasu.

Balki: Allah ya jiƙansu.

Lawali: Amin. Shi ya sa ni daga saman ƙasa nake tsinta. Kuma sai na fara gaida mai gari, na nemi izinin mai gona. Baƙo da jaka yana sunkuye-sunkuye a bakin iyaka, a wannan zamani na 'yan bindiga, ai ya jawo wa kansa.

Malam Isufu: Ka tambayi lafiyar hanya ma kafin ka hau kabu-kabu, ka dawo da rana tsaka.

Balki: Lawali, wancan baƙin mai kaifi da ka zo da shi fa?

Lawali: Gatarin aradu ke nan, wani manomi ya ba ni.

Malam Isufu: Miƙo in gani. Aradu ba ta wasa dutse haka, hannun mutanen dā ne. Ka rubuta sunan garin da aka tsince shi?