Jawabin Maraba ga Mai Girma Sanata a Ziyararsa ta Wuraren Tarihi na Badagry

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma Sanata, babban baƙonmu na yau, ranka ya daɗe. Wakilin Mai martaba Akran na Badagry da sauran iyayenmu masu ƙasa, Allah ya ja zamaninku. Sarkin Hausawa da 'yan majalisarsa, malamanmu, iyayenmu mata, da 'yan uwa da suka yi sammako daga Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Alaba Rago, barkanku da zuwa.

Ranka ya daɗe, sannu da hanya. Duk wanda ya biyo titin Legas zuwa Badagry ya san sai mai niyya ke isowa nan. Mun gode da ka tako da ƙafarka, domin gani ya kori ji.

Za a kai ka gidan benen da 'yan mishan suka kammala a 1845, wanda ake kira bene na farko a Nijeriya. Za ka ga kasuwar bayi ta Vlekete, da gidan Seriki Williams Abass mai ɗakuna 40 inda ake tsare mutane kafin jirgi ya zo, da sarƙoƙi da marin da iyalin Mobee ke ajiye da su. Daga nan sai kwalekwale ya tsallakar da kai tsibirin Gberefu, inda aka riƙa bi da bayi zuwa bakin teku.

Wani zai ce ina ruwan Bahaushe da tarihin bakin teku. Ruwanmu ne ƙwarai. A cikin waɗanda aka loda a jirage daga wannan gaɓa akwai Hausawa masu yawa, har suka ƙulla shirin bore a Bahiya ta ƙasar Barazil a 1807. A 1835 kuma Musulmin da aka bautar a can suka sake miƙewa, aka samu layu da rubutun Larabci a jikinsu. 'Ya'yan wasu ne da suka yi karatun allo kamar yadda muka yi. Daga Badagry ɗin nan Baturen Birtaniya Clapperton ya kama hanya a ƙarshen 1825 don zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma a Sakkwato ya rasu a 1827. A 1863 jami'in Birtaniya Glover ya kafa rundunarsa ta Hausawa a Ikko, yawancinsu mutanen da suka kuɓuta daga bauta, kuma daga ita sojan Nijeriya ke ƙirga asalinsa. Sai mu faɗi gaskiya duka: hanyar da ta sada Arewa da teku ta ɗauki fatake, ta kuma ɗauki bayi, akwai namu a cikin waɗanda aka sayar, akwai namu a cikin masu sayarwa.

Kukanmu a yau, ranka ya daɗe, shi ne idan an tashi gyara, gini kaɗai ake kallo. A shafa fenti, a kafa allo, a zagaye da katanga, shi ke nan. Alhali abin da ke sa jikin mutum ya yi sanyi a Gberefu ba bango ba ne. Ruwan nan ne da za ka tsallaka kana waiwayen gari yana nisa. Yashin nan ne mai zafi da ƙafa ke nutsewa a ciki, da itatuwan kwakwa a jere, da rijiyar da ake cewa ana shayar da bayi ruwanta don su manta gida, sannan ƙarar teku da ke ƙaruwa har ka iso inda babu sauran ƙasa. Na taɓa kai almajiraina wurin. A gidan tarihi suna ta hira da dariya, amma da muka kama wannan tafiya ta cikin yashi, ba wanda ya ce musu su yi shiru, suka yi. Idan aka sare kwakwar, aka yanka filin aka sayar, masu haƙar yashi suka cinye gaɓar, leda da robobi suka toshe ruwan, to ko an bar ginin tsaye, labarin ya tafi.

Mun ga yadda abin ke faruwa. Dattawanmu sun san Bar Beach, bakin tekun nan na Legas. Teku ta yi ta cin ta, yau sabon birnin Eko Atlantic ne a wurin. Gidan Ilojo Bar da ke kusa da dandalin Tinubu, ginin salon Barazil da aka ayyana shi kayan tarihi na ƙasa tun 1956, an rushe shi a Satumbar 2016. Takarda kaɗai ba ta tsare shi ba.

Saboda haka muke roƙo, idan ka koma majalisa, ka tsaya a kan cewa kariyar doka ta haɗa da kewayen wurin: ruwan, hanyar yashin, itatuwan, da sararin da ido ke hangowa. A kuma bar mutanen wurin a cikinsa. Masuntan ƙabilar Egun, masu tuƙa kwalekwale da mata masu sarrafa kwakwa su ne ran wannan gaɓa, kada a kore su da sunan ƙawata wuri don baƙi. Muna kuma fatan a sa bayani da Hausa a allunan, kusa da Turanci da Yarbanci da Egun, domin ɗan Kano ko ɗan Maraɗi da ya zo ya karanta da bakinsa abin da ya faru da kakanninsa. A namu ɓangaren, matasanmu sun shirya su koyi aikin jagoran baƙi, su kuma shiga aikin share gaɓar tare da masu masaukinmu.

Ranka ya daɗe, ga ruwa, ga goro, ga ruwan kwakwa na Badagry. Idan ka huta, kwalekwale na jira a bakin ruwa, gara mu tsallaka kafin rana ta take. Allah ya sa ka zo a sa'a, ya mayar da kai gida lafiya.

Wassalamu alaikum.