Injin ba jabu ba ne, saitin ne ya karkace

Assalamu alaikum mutanen Katsina ta Dikko ɗakin kara, gaisuwa daga Duisburg, garin ƙarfe a nan Jamus. Yau wallahi raina a ɓace yake. Tashina daga aiki ke nan na tarar da bidiyon da ƙanena ya turo mani daga shagonsu wajen Ƙofar Ƙaura. Sun haɗa kuɗi sun sayi injin walda na MIG, mai waya da gas ɗin nan, yana ta fat-fat-fat, walda ta tsaya tudu a kan ƙarfe, wai "Yaya, an cuce mu, jabu ne." Ni daga ƙarar kawai na gane. Boltej ya yi ƙasa, waya ta yi gudu.

Jama'a, wannan ba injin ilektirod ba ne da muka saba, wanda amp kaɗai ake murɗawa. Maɓalli biyu gare shi, kuma tare suke tafiya. Gudun waya shi ke ɗaga amp, shi ke sa wuta ta ci cikin ƙarfe. Boltej kuwa tsawon harshen wutar yake riƙe da shi, shi ke sa walda ta kwanta ta baje. In waya ta fi ƙarfin boltej, za ka ji tana dukan ƙarfe tana ture maka hannu baya. In boltej ya fi ƙarfin waya, sai ta narke tun a sama, ta riƙa zubo da manyan ɗigo, wani lokaci ta ƙone ta maƙale a bakin bindigar, wato abin da ake riƙewa wanda waya ke fitowa ta cikinsa.

Kaurin ƙarfe ake fara dubawa. Kowace milimita ɗaya tana son wajen amp 40. Falankin ƙarfe mai milimita 3, da waya mai kaurin milimita 0.8, ni daga bolt 18 zuwa 19 nake farawa, gudun waya mita 6 zuwa 7 a minti. Siririn fayif na ƙofa ko taga, mai milimita ɗaya da rabi, sauko bolt 16, waya mita 3 zuwa 4, in ba haka ba huda shi za ka yi. Ka ɗauki guntun ƙarfen da za ka yi aiki da shi ka gwada, ka bar boltej a wuri ɗaya, kana murɗa na waya kaɗan-kaɗan har ka ji ƙarar ta daidaita kamar an saki ƙosai cikin mai mai zafi. To nan ne. Ka kuma buɗe murfin gefe inda ake sa naɗin waya, galibi akwai jadawali a manne. Sai dai a lura, na Amurka da inci yake lissafi, kar ka ga 240 ka rikice.

A wurin aikinmu injinan da kansu suke saiti, ka danna kauri kawai. Amma ranar da aka ba mu tsohon inji, yaran da suka yi makarantar sana'a shekara uku suna ta leƙen allo, ni da kunne na saita shi. Wanda ya koyi walda a bakin titi cikin rana tsakar watan Afrilu a Katsina, me zai ba shi tsoro? Ogana na farko, Allah ya ji ƙansa, daga cikin shago yake jin ƙarar walda ya kwaɗa maka kira. Kai, ina kewar furar da muke sha bayan azahar.

Gas ma yana canza lissafi. Mu nan haɗin iskar argon kashi 82 da iskar CO2 kashi 18 cikin ɗari muke sawa. Ku da CO2 zalla ya fi sauƙin samu, ku ƙara bolt ɗaya ko biyu, ku kuma yi haƙuri da tartsatsi. Lita 10 a minti ta isa waya 0.8, kar ku buɗe tukunya ku ƙarar da ita a banza. Naɗin waya mai kilo 15 ma wajen Yuro 50 nake ganinsa, ba abin wasa ba ne.

Gargaɗina babba shi ne hunturu. Iska tana kwashe gas, walda ta fito da ƙananan ramuka, kai kana can kana zagin maɓalli. Ku kafa kwano ku tare iskar, ko ku sayi wayar da ba ta buƙatar gas, amma ita sai kun juya kebul ɗin filas da na mainas na injin, bindiga ta koma mainas. Kuma in ƙaramin janareta ne ke jan injin, yana nishi duk lokacin da ka danna, kar ka wahalar da kanka da saiti, ka nemo babba tukuna.