Amsoshin Tambayoyinku: Zafi da Sanyi a Motar Kwana

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a filin amsoshin tambayoyinku. Saƙonnin da suka taru mana wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato motocin nan na yawon shaƙatawa masu ɗaki a ciki, da gado da kicin da banɗaki, wasu tuƙa su ake wasu kuma jan su ake a bayan wata motar. Masu su na ta kuka da zafin rana da sanyin dare, toh bari mu shiga kai tsaye.

Wani bawan Allah ya rubuto yana cewa tashi motar da rana ba ta shiguwa saboda zafi, ya yanke shawarar ɓalle bangon ciki gaba ɗaya ya cusa soson tare zafi, wane iri ya fi?

Toh malam, dan Allah ajiye sukudireban nan tukuna, mu fara duba gilas. In rana ta take tsaka, ƙarfin haskenta da ke sauka a kan murabba'in mita ɗaya ya kai wajen wat 1,000, kaga kenan gilashin gaba shi kaɗai in yana kallon rana zafin da yake zubo maka ba kaɗan bane, kuma da ya shigo kujeru da dashbod su shanye su dinga fitar da shi har bayan magariba. Ko ka cika bango da soso mafi tsada, matuƙar tagogi na buɗe wa rana wallahi aikin banza kayi. Ka rufe gilashin ta WAJE in da hali, dan labulen ciki sai zafin ya riga ya ratsa gilas kafin ya tare shi. Ka buɗe rumfar gefe in motar na da ita, in zaka faka kuma ka lura da inda rana zata koma da la'asar, ka juya mata ɓangaren da ba tagogi da yawa. Sannan ɗaga kai ka kalli ƙofar iskar nan ta rufi, yawanci inci 14 ce kowane gefe, murfinta 'yar roba ce siririya, ka yanka soso daidai ramin ka toshe lokacin da ba ka amfani da ita.

In ka gama wannan har yanzu kana son taɓa bango, akwai ma'aunin da ake rubutawa a jikin kayan, harafin R da lamba, in lambar ta fi girma ya fi tare zafi. A kaurin inci ɗaya audugar gilas na ba da wajen 3, farin soso mai ƙwaya-ƙwaya wajen 4, allon soso mai tauri ɗin nan shuɗi ko ruwan hoda 5, wanda ake fesawa ya kumbura ya daskare kuma 6 zuwa 7. Gilas falle ɗaya kuwa wajen 1 ne kacal, shi yasa na fara da shi. Ni dai a nawa ganin allon soso mai tauri ya fi wa mai yi da hannunshi sauƙi, na fesawa in an zuba da yawa yana iya tura ƙarfen jikin mota ya lanƙwasa, kuma ranar da za'a gyara waya ko ayi walda an shiga uku. Abin da mutane ke mantawa shine haƙarƙarin motar, ƙarafan nan da ke riƙe da bango. Ƙarfe na ɗaukar zafi da sauri, alminiyam ma ya fi, toh in ka cusa soso tsakaninsu ka bar su tsirara ta nan zafin zai bi ya shigo, sai ka shimfiɗa musu ko da siririn soso ne kafin ka ɗaura katako. Kuma ka riƙe wannan, soso ba ya ƙirƙirar sanyi, aikin fulas yake yi, abin da ke ciki yake riƙewa. In ka kulle mota da zafi a ciki, zafin zai riƙe maka.

Sai wata 'yar'uwa da ta ce ta sayi ledar nan mai ƙyalli mai 'yan kumbura-kumbura a tsakiya, ta manna ta da gam a jikin ƙarfe ta rufe da katako, amma ba ta ga wani canji ba, ko jabu aka sayar mata?

Hajiya da wuya in jabu ce. Wannan ledar, irin su Reflectix, aikinta mayar da zafin da ke zuwa a matsayin haske, kuma ba ta iya yin hakan sai akwai sarari na iska a gaban fuskar mai ƙyallin, kamar santimita 2 haka. Da kika matse ta tsakanin ƙarfe da katako zafin ratsa ta kawai yake yi, ta koma kusan lamba 1 a ma'aunin R ɗin nan. Ragowar da ke hannunki kada ki zubar, ki yanka daidai tagogi ki dinga sawa da rana, a nan take da amfani sosai.

Tambaya ta gaba ita ce ta fi tsaya min a rai, kuma ina roƙon duk mai irin wannan motar ya kasa kunne. Wani mai sauraro ya ce lokacin sanyi ya bi duk wata kafa ya toshe da salatif da silikon, yana kunna 'yar hitar gas da daddare, ɗaki yayi ɗumi amma da safe ruwa na bin gilas yana ɗiga, ƙarƙashin katifa ya jiƙe, ga wani wari, shi da maiɗakinshi kuma suna tashi da ciwon kai.

Ɗan'uwa, ciwon kan nan shi zamu fara kamawa. Duk abin da ke cin wuta a rufaffen wuri, gas ne ko kananzir ko gawayi, yana iya fitar da iskar kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci bai sani ba. Daga daren yau kada ka sake kwana da wannan hitar a kunne, ka sa na'urar da ke ƙara in ta ji wannan iskar kusa da inda kuke kwana, kuma in ciwon kan ya zo da jiri ko tashin zuciya ku fita iska nan take ku nufi asibiti. Janareta ma kada a aje shi kusa da taga ko ƙarƙashin mota. Sannan cikin kafofin da ka toshe ka duba ko akwai na bayan firij ko na akwatin tukunyar gas, waɗannan da gangan aka bar su, ka buɗe su.

Batun ruwan kuma, ba yoyo motar take ba, daga cikinku yake fitowa. Numfashin mutum biyu dare guda, ga girki ga wanka ga tawul a shanye, duk tururi ne a ɗan ƙaramin wuri. Ita kanta hitar ruwa take haifarwa, kilo ɗaya na gas in ya ƙone yana fitar da wajen kilo 1.6 na tururin ruwa, kuma tunda ba ta da bututun fita waje duk a ɗakin yake zama. Da tururin ya taɓa abu mai sanyi, gilas ko ƙarfe, sai ya koma raɓa. Wanda ka gani a gilas ma da sauƙi tunda zaka goge, na bayan bango shine matsala, can zai zauna ya jiƙa audugar gilas in ita aka sa, ta lafe ta daina aiki, tsatsa da fumfuna su kama, sai wari ya tona asiri bayan ɓarna tayi nisa. Maganin zai yi maka banbaraƙwai amma shine, ka ɗan buɗe ƙofar rufi ka ɗan sassauta taga ɗaya ta ƙasa ko da ana sanyi, iska mai danshi ta samu hanyar fita. Ka ɗaga katifa da safe ta sha iska, ko ka sa mata shimfiɗar katako mai tsaga-tsaga. In zaka sauya hita ka nemi wadda ke ƙona mai a rufaffen akwati ta fitar da hayaƙi waje ta salansarta, irin na dizal da kamfanonin Webasto da Eberspächer ke yi, ɗuminsu busasshe ne, amma a ba wanda ya iya ya ɗaura.

Akwai kuma wanda ya tambaya meyasa AC ɗin rufin motarshi ke ta gurnani ba sanyi, kuma zai iya kwana da shi a kan batir?

Yawancin waɗannan na rufi ƙarfinsu BTU 13,500 ne ko 15,000 (BTU ma'aunin ƙarfin sanyayawar AC ne), kuma iskar da suke hurowa bata wuce ta fi wadda suka zuƙa sanyi da wajen digiri 10 a ma'aunin Selshiyas ba, shi yasa in ka bari sai mota ta gama gasuwa sannan ka kunna zai yi ta fama har dare. Kunna shi tun da hantsi. Ka cire filta ka wanke, ka leƙa ciki ka ga ko ɗan shingen da ke raba iskar shiga da ta fita ya goce, dan in ya goce sanyin da ya huro shi yake sake zuƙewa, salatif na alminiyam ya isa gyara. Batir kuwa malam lissafin ba daɗi, AC ɗin na cin wajen wat 1,500, batir mai bolt 12 da amfiya 100 kuma abin da ke cikinshi wajen wat 1,200 ne na tsawon awa ɗaya, ko awa ɗaya ba zai kai ka ba. Fankar rufi ita ce abokiyar mai batir, wutar da take ci kaɗan ce, ka sa ta tana zuƙe iska waje ka buɗe tagar da ke ɓangaren inuwa kusa da gado, iskar ta dinga bi ta kanka.

Ta ƙarshe a gurguje dan lokaci ya ci mu, wani da ke zuwa wuraren da ake ƙanƙara ya ce bututun ruwanshi ya fashe. Ruwa in ya daskare yana ƙara girma da wajen kashi 9 cikin ɗari, shi ke tsaga bututu da famfo. In zaka daɗe a wuri ɗaya ka zagaye ƙasan motar da allon soso ko tamfol iska ta daina ratsawa ta ƙarƙashi, ka bar ƙofofin kabad ɗin da bututu ke ciki a buɗe ɗumin ɗaki ya kai gare su, ka cire tiyon waje da daddare. In kuma aje motar zakayi har sanyi ya wuce, ka zubar da ruwan tanki da na tukunyar ruwan zafi kaf, ka buɗe duk famfunan su tsiyaye.